Kek ɗin da Muka Kai wa Mai Jego a Gude

Ƙarar biskit ce take dawo mini da ranar, wannan ƙaras-ƙaras da yake yi idan taɓarya ta sauka a kansa cikin ƙaramin turmi. Duk lokacin da ɗayarku take dakawa a bayan shago, sai in tsinci kaina tsaye da cokali a hannu, hankalina ya tafi wani ɗaki mai ƙamshin hayaƙi a Gude. Tunda kun sha tambayata abin da nake tunani, bari yau in gaya muku.

A bazarar shekarata ta biyu ne a nan shagonmu na kek a Gwarzo. Ga wanda bai san tsarinmu ba, duk wadda ta shigo daga wanke-wanke take farawa, ko da takardar difloma ta zo kamar yadda na zo. Daga nan a ba ta awo, sai kwaɓi, sai ado. Ni lokacin ina kan kwaɓi, ban kai a bar mini kek daga farko har ƙarshe ba. Mai shagon, Madam Tabita, 'yar Filato da muke kira Anti, ita kaɗai ke taɓa duk abin da zai shiga firizarmu mai aiki da sola.

Da hantsi wani mutum ya shigo, ya ce sunansa Malam Sabi'u, malamin firamare ne a yankin Kabo. Ya daɗe yana gaisuwa, yana gyara hularsa, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa Hafsatu ta yi haihuwar fari, ta sha wahala, tana wankan gida wurin iyayenta a Gude. Tun da aka sallame ta daga asibiti abinci ya ƙi shigarta. Kunun kanwa, farfesu, gasasshen nama da yaji, duk sai ta kau da kai. Ruwan nono ya ja baya, jaririyar ba ta daina kuka, kuma ma'aikaciyar lafiya ta ce idan aka ci gaba a haka za a mayar da su gadon asibiti. Abu ɗaya kawai bakinta ya ambata: askirim, irin wanda ta saba sha lokacin da take karatu a Kano.

Anti ta dube shi ta ce, "Malam, ka san dai mai jego ba ta shan sanyi kafin arba'in? Tsofaffin gidan za su kore mu."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, a yi dai, Allah zai kawo mafita.

Bayan fitarsa Anti ta ce askirim tsagwaronsa zai yi wa cikin da ya daɗe a wofi nauyi, zaƙinsa ma zai gundure ta tun cokali na biyu. Abin da ya dace shi ne kek mara nauyi, wanda ba a gasawa a obin, mai ɗan abin taunawa a ƙasa don ya zama abinci. Sai ta ce, "Ruma, ke za ki yi shi. Hannunki ya fi nawa sanyi." Rumasa'u ne sunana, ita kaɗai take gajarta shi haka.

Ga yadda ta tsaya a kaina na yi. Na daka biskit mara zaƙi sosai, ban bari ya zama gari ba, sai da ya yi kamar yashin rafi. Na zuba narkakken bota kaɗan, daidai yadda idan na dunƙula zai riƙe kansa, na shimfiɗa a gindin gwangwanin kek na danne da gindin kofi, ya tafi firiza. Kindirmo kuwa a farin ƙyalle na ɗaure shi na rataye, ruwan yana ɗiga a kwano har ya yi kauri. Na markaɗa ayabar da muka daskarar, na sa zuma kaɗan da dabinon da na yanka ƙanana. Askirim ɗin kansa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma sai da ya ɗan saki. A nan Anti ta riƙe wuyan hannuna ta ce kada in buga, in ninka kawai, daga ƙasa zuwa sama, yadda ake juya jariri mai barci. Na zuba a kan biskit ɗin, na lailaye samansa, muka rufe ya kwana.

Washegari na zare gwangwanin. Fari ne sol a kan gindinsa mai launin ƙasa, kamar wata ya sauko ya zauna a fako. Ban taɓa yin abu da hannuna da ya sa na ji kunyar taɓa shi ba sai ranar.

Ƙa'idar kai irin wannan kek ita ce a sa shi a kula, wato akwatin riƙe sanyi, a zagaye da ƙanƙara da aka barbaɗa wa gishiri, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma ba a buɗewa sai a gaban mai ci. Anti ta ce ni zan je, tunda Malam Sabi'u suruki ne, iyakarsa zaure. Ni da shi muka hau motar Kabo ina rungume da kula a cinya, daga bakin kwalta muka hau babura. Rana ta take, gonaki sun bushe ƙayau, ni kuwa ina jin ƙanƙarar tana motsi a ciki, kowane motsi yana gaya mini ta fara zama ruwa.

A tsakar gida na tarar da mata zaune a inuwa, ga babbar tukunyar ruwan wanka a kan murhu. A bakin ƙofar ɗakin mai jego wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu ta tare hanyar. Ita ce Inna Dije, kakar Hafsatu, wadda wankan yake hannunta. Na durƙusa na gaishe ta.

Ban taɓa ganin gaisuwa mai tsawo irin wannan ba. Ta tambayi gajiyar hanya, ta tambayi mutanen Gwarzo, ta tambayi iyayena, da ta ji asalin mahaifiyata Madadi ne sai ta shiga lissafa mini dangin da take da su a can, wa ya rasu, wa ya koma birni. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce sai na sha. Ta sa aka kawo fura, ta ce baƙo ba ya faɗin saƙo da yunwa. Ni ina amsawa da "lafiya lau, Inna," idona yana kan ruwan da ya fara tsattsafowa daga gindin kula yana jiƙa ƙasa. A cikin ɗaki jaririyar tana kuka, ƙaramar murya da ta riga ta dushe.

Da ƙyar na samu na ce saƙo ne daga mijin Hafsatu, kuma abu ne mai sanyi. Wata gwaggon Hafsatu ta ce wannan ai ganganci ne, sanyi ya shiga jikin mai jego ba ya fita har tsufa. Sauran suka mara mata baya. Inna Dije ta ɗaure fuska ta ce tun da take ba a taɓa shigar da sanyi ɗakin da take wanka ba, kuma ba za a fara a kan jikarta ba. Na ji hawaye sun cika mini ido. Ban san ko don kek ɗin ba ne, ko don kukan da nake ji.

Can sai ta ce, "To, 'yar Gwarzo, tunda kin ɗauko shi tun daga can, shigo da shi mu ga abin da ya fi kununa."

Ɗakin duhu ne, cike da ɗumin garwashi da tururin ruwan ganye, haske ɗaya ne yake shigowa ta ƙaramar taga. Hafsatu tana kwance ta juya wa ƙofa baya, wuyanta ya zama siriri. Matan suka cika bakin ƙofa. Na ɗaga murfin kula na fito da shi a kan faranti.

Abin da na gani ban taɓa ganinsa a shago ba. Da sanyin kek ɗin ya haɗu da ɗumin ɗakin, sai wani farin hayaƙi ya tashi daga jikinsa a hankali, ya ratsa hasken tagar, yana zubowa ta gefen faranti kamar mayafi. Gefensa ya fara laushi yana sheƙi. Wata tsohuwa ta yi salati ƙasa-ƙasa ta ce ai ga shi yana tururi kamar yanzu aka sauke shi. Babu wadda ta yi dariya. Ni da na yi shi da hannuna, tsayawa na yi ina kallo kamar baƙuwa.

Inna Dije ta karɓi cokali ta ɗebo daga gefen da ya saki, ta sa a baki. Ta rufe ido. Ba ta haɗiye ba, ta daɗe a haka, mu duka muna kallon kumatunta. Da ta buɗe ido sai ta juya ga matan.

"Sanyin da aka hana mai jego shi ne wanda ya sauka ciki da sanyinsa," in ji ta. "Wannan kuwa na riƙe shi a baki, da ɗumi ya sauka. Nono ne da ayaba da dabino. Wacce a cikinku ta taɓa hana mai jego nono?"

Sannan ta dafa kafaɗar jikarta ta ce, "Ke raguwa, tashi. Kin tayar mana da gari a kan abin 'yan birni, ga shi nan. Amma kowane cokali sai kin riƙe shi kin yi salati a zuci kafin ki haɗiye. Ina kallon maƙogwaronki."

Hafsatu ta tashi zaune. Cokalin farko ta riƙe shi, hawaye suka gangaro mata. Ta ci na biyu, ta kai ga biskit ɗin ƙasa, na ji tana taunawa. Sai da ta cinye yanka guda, sannan a hankali ta ce bakinta ya buɗe, ko akwai sauran farfesu. Gwaggon nan da ta fi kowa faɗa ita ta fara tashi da sauri ta nufi murhu. Ragowar kek ɗin, wanda ya kusa zama kunu, aka bi matan da shi cokali-cokali, kowacce ta riƙe a baki ta rufe ido kamar yadda Inna ta yi.

Da na ba Anti labari ta ce in riƙe wannan: aikinmu ba ya ƙarewa a firiza, sai abin ya shiga bakin wanda aka yi dominsa, kuma kowane gida da ƙofar da ake bi. Bayan arba'in Malam Sabi'u ya leƙo ya ce uwa da 'ya suna lafiya, ba a koma asibiti ba. Ni kuwa na daɗe ina jin haushin tsohuwar da ta tsare ni da gaisuwa har kek ɗina na farko ya rasa siffarsa.

Sai bara Hafsatu ta zo shagon nan da yarinyar, wadda har ta shiga makaranta. Ta gaya mini Inna Dije ta rasu da damina. Na yi mata ta'aziyya, na ce ban manta yadda ta kusa kora ta ba. Hafsatu ta yi murmushi ta ce ita ma sai bayan rasuwar Inna mijinta ya faɗa mata gaskiyar lamarin. Ba shi ya yi tunanin zuwa Gwarzo ba. Inna ce ta aika aka kira shi gefe, ta ce ya je ya nemo abin da jikarta take ambata, kada ya gaya wa kowa. Ta tambaye shi yadda abin yake idan ya jima a waje, ya ce saki yake yi, sanyinsa ya ragu. Ta ce to, ya kawo, ita ta san yadda za ta tsayar da mai kawowa a bakin ƙofa.