Tambayoyi Tara Ga Adda

A cikin duk abin da ɗan Adam ya ƙirƙiro, daga garma har jirgin sama, ban san wanda ya kai takardar tambaya daraja ba. Da ita ake auna abin da ke cikin kai ba tare da an fasa kan ba. Wannan ita ce aƙidata, kuma na shekara ashirin da ɗoriya ina kare ta da jan biro a wata makarantar sakandare a Gwandu. Don haka ranar da na ji akwai takardar da ke auna ciwon damuwa, ban yi mamaki ba. Cewa na yi ashe likitoci sun biyo sahunmu.

Adda ce ta kai ni ga takardar. Babbar yayata ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a Wurogauri, can ƙasar Kalgo. Mijinta ya rasu, ta yi takaba ta fita, kowa ya koma harkarsa, ita ba ta koma ba. Matar ɗanta ta kira ni a waya ta ce Inna ta daina dama fura, ta daina zuwa suna, tuwo sai ta yi loma biyu ta ture. An kawo shinkafa daga fadama, ko kallon buhunan ba ta yi ba. Matar da a da in ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa sai an nemo mata wanda ya zubar.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga aji, in rubuta kwanan wata a allo, in tsaya ina kallonsa. In ɗauki waya, in ajiye. Asabar na yi, na hau motar Birnin Kebbi, na canza ta Kalgo, na nufi wajen wata tsohuwar ɗalibata da ta zama malamar asibiti a can.

Ta zaro mini takarda ɗaya. Tambayoyi tara, kan barci da ci da gajiya da yadda mutum ke jin ransa a makonni biyun da suka wuce. Gaban kowace akwai akwati huɗu: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum.

"Malam, ba jarrabawa ba ce," in ji ta. "Mai abin ke amsawa da bakinsa. Da dai ka kawo ta nan."

Na ce Adda ba ta taka asibiti in ba zazzaɓi ya kwantar da ita ba. Na ƙara da cewa ni na koya wa ita ɗalibar riƙon biro, tambaya tara ba za ta gagare ni ba. Ta miƙo mini, da hannu biyu, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan Adda. Abin da ban lissafa ba shi ne, baƙo daga Gwandu, da takarda a hannu, ba ya zama shi kaɗai. Kafin in gama shan ruwa tabarma ta cika: ɗanta, ƙanen mijinta, da wata tsohuwa maƙwabciya da ta zo aron rariya ta fasa tafiya.

Na gyara murya irin ta ɗakin jarrabawa. "Adda, a makonni biyun nan, sau nawa kika ji ba ki sha'awar abin da kika saba yi?"

"Alhamdulillahi," in ji ta.

Na duba akwatunan nan huɗu. Babu mai wannan suna.

"Kawu, rubuta kullum," in ji ɗanta.

"Kul," in ji tsohuwar. "Ka rubuta, a kai birni, a ce ba ta yi haƙuri da hukuncin Allah ba? Lahiya lau take. Rashi ne, kowa ya yi shi."

Ƙanen mijin ya ce shi ma bai barci, in akwai magani a sa sunansa. Adda tana kallon yatsun ƙafarta. Na koma Gwandu da amsa uku ga kowace tambaya, babu tata ko ɗaya.

Makon nan na koyar da aji uku darasi ɗaya sau biyu, ba wanda ya gaya mini. Asabar na sake komawa, wannan karon na same ta a ɗaki ita kaɗai, da hantsi, ƙofa a saye.

"Kina samun barci?"

"Auta, kai kana samu? Dubi wuyanka kamar na zabo. Matarka ba ta ba ka abinci?"

"Ni ke tambaya, Adda."

"To tambayi. Ni da na wanke maka kashi, yau kai ka tambayata da biro."

Haka muka yi ta yi. In jefa, ta maido. Har na iso ta tara, wadda ke tambayar ko mutum yana jin gara a ce ya mutu. Na karanta ta a zuci sau uku. Na ɗaga kai na ga fuskar da na fara sani a duniya. Sai na ji bakina yana tambayar ko akuyarta ta haihu. Ta ce ta haihu, biyu.

A motar komawa Kalgo na ɗora takardar a gwiwa na cike ta da kaina, bisa abin da idona ya gani. Ta tara na bar ta babu amsa.

Ɗalibata ta duba, ta dube ni. "Malam, wa ya amsa?"

"Na ɗan taimaka mata."

"A ajinka da mi ake kiran wanga taimako?"

 Na taɓa korar mutum daga ɗakin jarrabawa kan abin da bai kai haka ba.

Ta sa yatsa kan ta tara. "Wannan kuma ita ce ba a tsallakewa. Don ita nake son ganinta, kuma ba wani mako ba."

Ban koma Gwandu ba. Na juya Wurogauri, na yi ƙaryar da har yau nake istigfari a kanta: na ce wa Adda an ce jinina ya hau, za a sake aunawa, kuma ina tsoron zuwa ni kaɗai. Matar da ta yi wata biyar ba ta wuce zaure ba ta tashi ta jawo mayafi tana yi mini faɗan cin gishiri.

A asibitin aka shiga da ita, aka saki labule, aka nuna mini benci. Ban zauna ba. Na auna barandar nan da ƙafa, tsawo da faɗi, na karanta duk hotunan rigakafin da ke bango, na gano kuskuren rubutu biyu. Da ta fito, idonta ya yi ja, tana riƙe da katin dawowa a ƙulle cikin gefen mayafi. Ta ce mini, "Ɗiyar nan ta san tambaya." Ta koma ranar da aka sa mata, ta sake komawa, kuma kafin shuka an kira ni an ce ta kori matar ɗanta daga bakin turmi.

Daga baya na tsare ɗalibar tawa, a matsayin mai sana'a da mai sana'a, na ce ta faɗa mini dabarar da ta yi, ko wata takarda ce ta daban da ta ɓoye mini.

Ta ce tambayoyin nan tara ne ta karanta mata, ba ƙari ba ragi. Ni kaɗai ta cire.