Raka'a Huɗu a Kan Teku

Baba ya zo wurina New York ne saboda idonsa. Daga Damagaram aka sako shi a jirgi, da carbinsa da wata jaka cike da yajin da ba wanda ya ce ya kawo. Lokacin muna zaune a unguwar Tremont da ke Bronx, hawa na huɗu, ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana yana tuƙa tasi. Na ɗauka da zarar likitocin nan sun duba shi, shi ke nan. Ashe mun makara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, na daman ma saura kaɗan, kamar mai leƙe ta hujin ƙofa. Magani zai ɗan ja masa watanni, amma abin da ya tafi ya tafi. Ni na fassara wa Baba wannan magana, kuma rabinta na haɗiye. Ya laluba hularsa ya sa.

Baba malamin zaure ne tun kafin a haife ni. A cikin duk abin da yake karantarwa, ba abin da yake so kamar ƙissar Annabin nan da kifi ya haɗiye. In ya zo wurin, har muryarsa takan sauya. Kullum kuwa sai an sami mai tambaya, wai Malam, kifin nan girmansa ya kai ina? Sai ya ce Allah ne masani. To me zai ce? Kifi mafi girma da ya taɓa gani tarwaɗa ce ta tafkin bayan gari.

Wata abokiyar aikina 'yar Kumasi ce ta ja mini. Ta ce ta hau wani jirgin ruwa daga Brooklyn an kai su kallon manyan kifayen nan da Turawa ke kira whale, har ɗaya ya yi tsalle a gabansu. Na kawo labarin gida muna cin tuwo, don dai a yi dariyar mutanen da suka rasa aikin yi. Baba ya tsame hannunsa daga kwano.

"A garin nan?" ya ce.

"A bakin teku, Baba. Wai ya fi bas tsawo."

"Kai ni in gan shi, tun ina da abin gani."

Nan na gane cewa rabin maganar da na haɗiye a asibiti ya ji ta sarai. Kuma tunda nake, Baba bai taɓa roƙona komai ba sai ran nan.

Ranar Asabar muka tafi, ƙarshen kaka, sanyi ya fara shigowa. Maigidana yana aiki, don haka daga ni sai Baba. Ya yi alwala tun a gida, ya ƙi shayi, ya ƙi ruwa, wai bai san irin bayin da zai tarar a kan teku ba. Na ɗora masa kwat ɗin maigidana a kan babbar riga, ya zama wani iri, ban dai yi dariya ba. Jirgin ƙasa biyu muka hau, muka ci kusan awa biyu kafin mu isa inda ake shiga jirgin ruwan. Ana tsakar rana jirgin ya tashi.

Ni da nake cika baki ina cewa na saba da ƙasar nan, ko rabin awa ba a yi ba cikina ya fara juyawa. Baba kuwa, mutumin da bai taɓa hawa ko kwalekwale ba, ya kama ƙarfen gefen jirgi ya tsaya ƙyam. Da yake gabansa kawai yake gani, in zai duba gefe sai ya juya kansa gaba ɗaya, a hankali, daga dama zuwa hagu, ya sake dawowa. Wata Baturiya mai lasifika tana ta nuna mana abubuwa: ga rairayin tsibiri can, ga hasumiyar fitila, ga tsuntsaye. Na ce a raina, baiwar Allah, tsuntsu muka zo gani? Awa biyu da rabi muna yawo, ba kifi ba alamarsa. Mutane suka gaji suka zazzauna, aka buɗe ledojin abinci.

Sai Baba ya tambaye ni lokaci. Na faɗa masa.

"Azahar za ta fita," ya ce. "Tafiyar nan tamu ta kai ta matafiyi? In ta kai, sai in haɗa da la'asar in mun sauka."

Wannan tambaya ita ce har yau take hana ni sukuni. Da na ce ban sani ba, da wataƙila ya ɗan jira. Amma bakina ya riga hankalina.

"Wace tafiya, Baba? Ai muna cikin gari. Ga benaye can ana hangowa."

"To, nemo mini alƙibla."

Ni na ja shi ciki, ɗakin da fasinjoji ke fakewa daga iska, don ina tsoron kada ya zame a waje. Na duba waya, alƙibla ta nuna wajen tudu, wato teku yana bayanmu. Na ce ya yi a zaune, ya ƙi, wai ƙafafunsa lafiyarsu lau. Na shimfiɗa masa gyalena tsakanin benci da bango, na tsaya a bayansa na riƙe kwat ɗin da hannu biyu saboda tangaɗin jirgi. Ya yi kabbara.

Bai kai ga ruku'un farko ba aka kwarma ihu a waje. Jirgin ya karkata, don kowa ya ruga gefe guda. Aka kashe inji. Cikin shirun nan na ji wani numfashi mai ƙarfi, fuuu, kusa ƙwarai, sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen kifi ya shigo ta ƙofa. Mai lasifika tana ta ihu wai ga shi nan, ga shi nan, dab da jirgi.

"Baba," na ce a hankali.

Na san aikin banza nake yi. Muna yara akuya ta taɓa shiga zaure yana salla ta cinye masa takardu, yana jin ta, bai waiwaya ba. Kuma ni wace ce da zan ce wa mahaifina ya katse salla? Bakina ma ba zai iya furta shi ba. Ba zan iya sakinsa ba, don jirgin yana rawa. Ba zan iya juya shi ba. Abin da ya rage mini shi ne lissafi. Azahar kuwa a ɓoye ake karatunta, ban san ko doguwar sura ya ɗauko ko gajera ba, sai dai in zuba wa kafaɗunsa ido in jira su sunkuya. Raka'a ta ɗaya. Aka sake ihu, har da tafi. Ta biyu, ya zauna tahiya. Wani mutum ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Ma'am, bring him out, he's missing it!" Wai in fito da shi, abin yana wuce shi. Na girgiza masa kai kawai, hawaye na zuba. Ban taɓa jin haushin tsawon salla ba sai ran nan, kuma ina jin haushin ina neman gafara.

A raka'a ta uku ihun ya fi na baya duka, wani abu ya faɗa ruwa da ƙara, feshi ya bugi tagar da ke bayanmu. A ta huɗu sai na ji shiru ya fara dawowa.

Baba mutum ne da in ya sallame sai ya ja carbi ya yi addu'a mai tsawo. Ran nan yana sallamewa ya miƙo mini hannu.

"Ina yake?"

Ashe duk yana ji. Na fizge shi muka fita, ko takalma bai sa ba. Mutane suka buɗa mana hanya. Ba komai a ruwan sai wani wuri da ya kwanta luf, mai faɗi kamar tsakar gida. Na nuna masa wurin, ya kafa masa idonsa ɗaya. Muka tsaya. Direban jirgin ya ɗan jira, sannan ya tada inji. Na je wurin mai lasifika na roƙe ta a ƙara ko minti goma, na ce mata mahaifina makancewa yake yi. Ta dafa ni ta ce ta yi baƙin ciki, amma dabbar daji ce, ba ta da iko da ita. Wata mata ta kawo wayarta ta nuna masa hoton da ta ɗauka. Ya kai wayar har bakin hancinsa, ya mayar mata, ya yi godiya.

Na ce masa za mu dawo. Sati na gaba iska ta hana jirgin fita, na bayansa kuma aka rufe sai baɗi, ga ranar komawarsa ta zo. Kafin baɗin, idon ya rufe.

Amma a ranar ban san haka ba. Muna cikin jirgin ƙasa za mu koma Bronx, sai ya matso kusa da ni.

"To, ba komai. Gaya mini yadda yake. Bakinsa zai ɗauki mutum?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma na san duk abin da na faɗa, shi zai je ya zauna a zaure ya faɗa wa mutane.

"Ban gan shi ba, Baba. Ina riƙe da kai."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya har ya same ni da idon.

"Ke ma?" ya ce. "Ke da idonki biyu?"

Na ce e. Ya sunkuyar da kai har muka sauka.