Ragon Kaka Mai Kilo Ɗari Biyu

Na manta sunayen malamai da yawa da suka koyar da ni, na manta fuskokin wasu da muka zauna benci ɗaya da su, amma ranar da na auna ragon kakata da lissafi ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Yanzu ni ke koyar da lissafin a wata makaranta, kuma duk shekarar da na iso darasin cire harafi a sa lamba sai na ji warin rago a hancina.

Lokacin ina da shekara goma sha biyar, muna zaune a Zongon Lome. Babanmu mahauci ne, kakansa ma mahauci ne tun kafin su baro Arewa. Ni ce 'yar bokon gidan, don haka an ɗauke mini taɓa nama da wanke tumbi, wai kada littattafaina su yi maiƙo. Sai na tashi a gidan mahauta ban san nauyin cinyar akuya ba, kuma ban ga wata kasawa a hakan ba. Abin da na sani shi ne lissafi. A wancan zangon karatun malaminmu yana koya mana jimloli masu haruffa. Zai rubuta 2x + 5 a allo, ya ce x uku ne, mu cire x mu sa uku: biyu sau uku shida, a ƙara biyar, sha ɗaya. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Na ɗauka duk matsalar duniya haka take, harafi ne zaune yana jiran in zo in sa masa lamba.

Kaka, wato mahaifiyar Babanmu, koko take sayarwa a ƙofar gida da safe. Tun da take ba ta taɓa yin layya da dabbar kanta ba, kullum a cikin ta ɗanta ake sa ta. Sai wata shekara ta sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne, ta ɗaure shi a bayan ɗakinta, ta ce wannan karon da hannunta za ta yi kiwo. Shekara biyu tana fama da shi. Dusa, ɓawon rogo, gasarar da ta rage daga koko, duk nasa ne. Ranar Juma'a wanka take yi masa da sabulun da ni ba a ba ni. Idan aka tsokane ta sai ta ce, "Ku bar ni, ban san Sallah nawa ta rage mini ba."

Saura wata biyu Babbar Sallah ragon ya daina cin abinci. Ya kama gudawa, haƙarƙarinsa suka fara fitowa, ya koma tsayuwa kai a ƙasa. Kaka ma ta daina cin abinci don taya shi. Baba ya ɓare fatar idonsa ya duba, ya ce tsutsar ciki ce. Ya hau zemijan, wato ɗan acaɓanmu na Lome, har Agoè wajen wani likitan dabbobi, ya dawo da kwalbar magani da sirinjin ɗurawa a baki mai cin mililita goma. Ya ce likita ya ja masa kunne sosai: mililita ɗaya ga kowane kilo goma na nauyin dabba, kuma wannan maganin ba ya son ƙari, in ya yi yawa shi zai kashe ragon kafin tsutsa.

To, sai maganar nauyi. Sikelin Baba na teburin nama ne, ba ya auna dabba sai bayan ta daina bukatar magani. Baba bai damu ba. Ya naɗe hannun riga, ya sa hannu ɗaya a ƙirjin ragon ɗaya a bayan cinyoyinsa, ya ɗaga shi sama, ya jinjina, ya sauke.

"Kilo hamsin da biyar," in ji shi. "In ya sha ruwa, hamsin da bakwai."

Na yi dariya, kuma har yau ina jin kunyar wannan dariyar. Na ce ai ba a yin awo da ƙashin baya. Na tuna akwai wata takarda da Kawu, ƙanen Mamarmu mai tuƙa babbar mota daga Kumasi, ya taɓa kawowa, ya ce wani malamin gona ne ya ba shi don sanin nauyin tumaki ba tare da sikeli ba. Mama ta ajiye ta a aljihun kekenta na ɗinki. Na ɗauko. An rubuta G × G × L ÷ 300, a ƙasa kuma an zana wani abu mai ƙafa huɗu da alamu biyu: G shi ne kewayen ƙirji, L kuma tsawon jiki daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya. Da na ga haruffan sai na ji kamar na gamu da 'yan uwana a garin da ban san kowa ba.

Na ɗauki tef ɗin awon Mama. Fuska biyu gare shi. Ɗaya santimita, wadda duk ɗan makarantar Togo ya sani. Ɗayar kuma manyan lambobi ne jefi-jefi, waɗanda a tunanina an yi su ne don masu ciwon ido. Na zagaye ƙirjin ragon, casa'in. Na auna tsawo, saba'in da biyar. Na zauna a kan turmi na cire haruffa na sa lambobi, yadda aka koya mini. Casa'in sau casa'in, sau saba'in da biyar, a raba gida ɗari uku. Amsa ta fito dubu biyu da ashirin da biyar.

Na sake yi, ta sake fitowa. Na yi na uku, ba ta canza ba.

Duk rashin sanina na san rago ba ya kai kilo dubu biyu. A nan ne ya kamata in tashi in ce ban gane ba. Amma gida ya yi tsit ana jirana, Kaka ta jawo kujerarta kusa da ni, kuma ban taɓa cewa ban gane ba a gaban mutane. Sai na yanke hukuncin cewa malamin gonar ne ya manta da waƙafi, tunda a makarantarmu ta Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta. Na gwada sa shi bayan lamba biyu, ya ba ni kilo ashirin da ɗoriya. Na ce a'a, ni kilo arba'in da biyar ce, kuma ragon nan ya taɓa tunkuɗe ni na faɗi, don haka dole ya fi ni nauyi. Na matsar da waƙafin gaba da lamba ɗaya. Ya ba ni ɗari biyu da biyu da rabi, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Kilo ɗari biyu da biyu da rabi," na ce. "Mililita ashirin ke nan. A cika sirinji sau biyu."

Baba ya dubi ragon, ya dube ni. "Na sha yanka sa mai wannan nauyin," ya ce.

"Lissafi ba ya ƙarya, Baba."

"Ban ce yana yi ba."

Sai Kaka ta sa baki. Idonta ya riga ya yi yana, ba ta ganin takardar, amma ta karɓa ta shafa ta. "Kai da bayanka ka auna, ita da alƙalami," ta ce wa Baba. "Shekara tara muna wanke mata rigar makaranta, yau ranar amfaninta ta zo za ka ce ka fi ta? Kai ba ka san abin da ragon nan ya ci ba, ni na sani. Ragona ne, yadda Malama ta ce haka za a yi."

Daga ranar ta raɗa mini Malama. Baba kuwa mutum ne da ba ya mayar wa uwarsa magana, ko a ɗaki balle a tsakar gida. Ya ce, "To, Inna." Ya aike ni in ɗebo masa ruwa a moɗa, wai na wanke sirinji, sannan ya ce in zagaya in riƙe ƙafafun ragon na baya da kyau kada in saki. Na riƙe. Daga inda nake ba na ganin komai sai wutsiya da bayan rigar Baba. Na ji ya ce bismillah, ragon ya yi fisge-fisge, Baba ya ce, "Na ɗaya." Aka jima kaɗan ya ce, "Na biyu." Kaka ta ce alhamdulillahi.

Kwana uku ragon ya miƙe. Cikin mako guda ya cinye igiyarsa da rabin tabarmar Mama. Kaka ta koma cin abinci, ta kuma samu labarin da take haɗawa da kowane ludayin koko. Babu wanda ya sayi kokonta a watan nan bai ji cewa jikarta ta warkar da rago da biro ba. Ni kuma tafiyata ta canza. Wani maƙwabcinmu Bazabarme ya jawo tunkiyarsa har gida a auna masa, na riga na ɗauko tef sai Baba ya tare ƙofa ya ce Malama tana da jarrabawa, kada a ɗauke mata hankali. Ya ɗaga tunkiyar da kansa ya faɗa masa nauyinta. Na yi fushi ƙwarai, na ce a raina hassada ce kawai irin ta wanda bai yi boko ba.

Ranar jajibere Kawu ya iso daga Kumasi. Bai gama shan ruwa ba Kaka ta ba shi labarin, har da cewa takardarsa ce ta yi aiki. Ya ji daɗi. Da ta shiga ɗaki sallar la'asar ya tambaye ni nawa ragon ya auna. Na faɗa masa. Ya ajiye kofin.

"Kawo tef ɗin," ya ce. "Nuna mini inda kika karanta."

Na ɗora yatsa a kan casa'in. Ya riƙe wurin, ya juya tef ɗin ta ɗaya fuskar, ta masu ciwon ido.

"Wannan takarda ta Gana ce, 'yata. Mu can da inci muke awo. Kuma abin da za ta ba ki ba kilo ba ne, laba ce. Laba biyu da ɗan ɗoriya ke yin kilo ɗaya."

Na sake zama a kan turmin nan. Casa'in ta koma inci talatin da biyar da rabi, saba'in da biyar ta koma ashirin da tara da rabi. Na cire haruffa na sa sababbin lambobi. Laba ɗari da ashirin da huɗu. Na mayar da ita kilo, hamsin da shida. Tsakanin ragon Baba da bai sha ruwa ba da wanda ya sha.

Na tambayi Kawu me mililita ashirin za ta yi wa rago irin wannan. Ya ce da tun ranar an jefar da shi, don ko namansa ba mai ci. Na waiwaya, ga ragon can yana tauna wani abu da nake zaton takalmin ƙanwata ne.

Na tarar da Baba a zaure yana wasa wuƙaƙen gobe. Na tsaya a gabansa. Ya dubi tef ɗin da ke hannuna, ya miƙa hannu saman katanga ya sauko da kwalbar maganin ya ba ni. Kusan a cike take.

"Biyar da rabi na ba shi," ya ce.

"Amma na ji ka ce na biyu."

"Kin ce sau biyu, sau biyu na ba shi. Na biyun ruwan da kika ɗebo ne. Ba na yi wa uwata ƙarya."

Na ce to don me bai faɗa ba, ya bar ni wata biyu ina yawo ana ce mini Malama. Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa kafin ya amsa.

"Abu biyu kakarki take taƙama da su a Zongon nan, ragonta da ke. Ban ga dalilin da zan bari ta rasa ko ɗaya ba."

Na yi kuka a zauren nan, kukan kunya, kuma bai lallashe ni ba. Da na gama ya ce in biyo shi. Ya kai ni gaban ragon, ya nuna mini inda ake sa hannu, ya ce in ɗaga. Na yi iya ƙoƙarina, ƙafafun gaba kawai suka bar ƙasa. Ya ce, "To wannan shi ne hamsin da shida. Ki riƙe shi a jikinki."

Washegari Kaka ta yi layyarta. Ta tsaya da sabon zanenta har aka gama fiɗa, ta sa aka gasa hantar, ta ba ni kaso mafi girma ta ce ladan aikina ne. Na ci, Baba yana kallona, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ba ta ga wata Babbar Sallar ba. Ta rasu tana da yaƙinin cewa birona ne ya ceci ragonta, kuma babu wanda ya gyara mata.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa ɗalibaina tun kafin su buɗe littafi. Kada ka cire harafi ka sa lamba sai ka tambayi abin da harafin yake wakilta da ma'aunin da wanda ya rubuta shi yake nufi. In kuma amsa ta fito ba ta yi kama da rago ba, ka bar waƙafi inda yake, ka tashi ka je ka tambayi wanda ya saba ɗaga raguna.