Tsohuwar Kwamfutar Tungan Maje

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Kuje ina shiga gari kullum, na yi aiki a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja. Ni da abokina, ɗan Filato, aka ba mu aikin wani shagon magani. Mun gama, amma manhajar sai nawa take yi, kafin ta nemo magani ɗaya mai saye ya gaji da tsayuwa. Mai shagon ya ce in mako ya ƙare ba gyara zai nemi wasu. Ogan kamfaninmu kuma bai ɓoye mana ba, in aikin ya tafi mu ma mun tafi.

Muna da wata 'yar manhaja da muke ce wa ma'auni, ita ke bin abin da muka rubuta tana nuna inda lokaci ke ɓacewa. A makon ne kuwa aka sabunta tsarin da ke tafiyar da kwamfutocin ofis duka. Ni na fi kowa murna, ina ta yaba sabbin launuka kamar ni na zana su. Da muka kunna ma'auni, sai ta buɗe ta rufe kanta. Ashe sabon tsarin, saboda tsaro, ya hana ta leƙa cikin wata manhaja, wanda ya rubuta ma'aunin kuma ya daɗe da barin ta. Aka ce mana babu komawa tsohon tsari.

Nan abokina ya tuna tsohuwar kwamfutarsa da ya bar wa mahaifiyarsa a Tungan Maje, tana jin waƙoƙin coci da ita. Har lokacin tsohon tsarin ne a kanta. Washegari da safe muka hau mota.

Da ya ce za mu ara mu dawo da ita, Mama ta girgiza kai.

"Ku yi aikinku a nan. Abin da yaron nan ya ɗauka ba ya dawowa."

Muka zauna a baranda, kwamfutar na ƙugi kamar injin markaɗe. Mama ta kawo gwaten acca, ta ce in ci hankali kwance, babu abin da addinina ya hana a ciki. Kafin la'asar ma'auni ta nuna mana wurin: duk harafin da aka danna, sai manhajar ta sake karanto magungunan shagon gaba ɗaya. Na dubi abokina, ya dube ni, kowa ya rantse ba rubutunsa ba ne. Muka gyara, aikinmu ya tsira.

Yanzu abokina yana ƙasar waje, Mama ta koma gida Filato. Kayan awon da nake aiki da su yau sun fi ma'auni nesa ba kusa ba, amma ban sake jin daɗin gano matsala kamar na ranar ba. Kwanaki na bi ta hanyar Gwagwalada, na rage gudu ina neman kwanar gidan. Gine-gine sun cika wurin, ban gane ta ba.