Goma Ko Goma Sha Ɗaya

Masanja Lugembe ɗan garin Mwanza ne, a bakin tafki ya tashi. Mahaifinsa yana gyaran injin jiragen ruwa masu zuwa tsibirin Ukerewe, shi kuma tun yana yaro ya ce ba zai ƙare rayuwarsa cikin baƙin mai ba. Ya yi soja na wasu shekaru, can ya koyi tuƙin jirgin sama, sannan ya dawo wani ƙaramin kamfani mai jirage masu farfela. A nan na same shi. Sunana Pili, ni ce mai kula da fasinjoji a jirgin da yake yawan tuƙawa daga Mwanza zuwa Dar es Salaam.

Mzee muke ce masa, wato dattijo, ko da yake bai kai hamsin ba a lokacin. Mutum ne mai surutu da tsokana. Yakan shigo da soyayyen kifin karfasa da suke kira sato a leda, wanda matarsa Mama Kabula ta soya, ya cika ɗakin matuƙa da ƙarni, in an yi magana ya ce 'yan birni ba su san daɗi ba. Bai taɓa fasa ko fitila a jikin jirgi ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Ranar da abin ya faru, mataimakiyarsa Upendo Massawe ce, 'yar garin Moshi, mace mai ƙarancin magana. Shi ke tuƙi, ita ke magana da hasumiyar filin jirgi ta rediyo. Mun doshi Dar da hantsi, muna kan ƙafa dubu goma sha uku, sai Mzee ya kira ni ciki yana tambaya ko tsohuwar da ke kujerar gaba za ta buƙaci keken guragu in mun sauka. Ina ba shi amsa, sai jami'in hasumiya ya yi magana. Upendo ta maimaita umarnin kamar yadda doka ta ce, ta juyo ta faɗa wa Mzee wata lamba. Ya ce to, ya murɗa na'urar da ake saka tsayin da jirgi zai tsaya, muka fara gangarawa. Na fita.

Ban kai ga kujerata ba na ji jirgi ya ɗaga hanci da ƙarfi. Na dafa kujerar da ke kusa da ni, wani yaro ya fashe da kuka. Na'urar gargaɗi ce ta yi ihu a gaba, wai su hau sama, don akwai wani jirgi da ya taso daga Dar yana kan ƙafa dubu goma, mu kuma mun kusa isa gare shi. Wani fasinja da ke gefen taga ya ce ya ga fikafikansa. Yawancin fasinjojin sun ɗauka iska ce.

Da muka sauka, na tarar da su biyun zaune ba wanda ya kwance bel.

"Upendo, goma kika ce mini," in ji Mzee.

"Goma sha ɗaya na ce, Mzee."

"'Yata, kunnena ƙalau yake. Goma kika ce."

Ya juyo gare ni ya ce ai ina tsaye a wurin, me na ji? Na ce na ji goma, amma ban san ko wani abu ya biyo baya ba, hankalina yana kan keken tsohuwa.

Da aka kira su ofis, sai zance ya ƙara dagulewa. Jami'in hasumiya ya ce shi bai ba mu umarnin sauka ba sam. Akwai wani jirgin kamfaninmu da ke zuwa daga Mtwara, lambarsa huɗu-biyu-ɗaya, tamu kuma huɗu-ɗaya-biyu, wai da su yake. Matuƙan wancan jirgin suka ce su ma sun amsa. Aka kunna muryar da hasumiya ta naɗa, sai ga farkon maganar jami'in ya yanke, daidai inda ya kira lamba. Wajen amsar kuwa ƙara ce kawai kamar ana jan ƙarfe a siminti, saboda jirage biyu sun danna rediyo tare. Na'urar da ke naɗar hirar cikin ɗakin matuƙa ita ce za ta raba gardama, amma ba wanda ya tuna ya tsayar da ita, jirgi ya koma Mwanza da wasu matuƙa, sabuwar hira ta hau kan tsohuwa.

Kamfani bai kori kowa ba. Aka tura su biyun ƙarin horo, aka sauya lambobin jiragen, aka kuma ce daga yanzu duk wanda ya saka lamba a na'ura sai ya nuna ta da yatsa, ɗayan ya karanta da babbar murya.

Mzee dai bai koma yadda yake ba. Ya je asibiti da kansa aka gwada kunnensa, likita ya ce yana ji kamar saurayi. Maimakon ya yi murna sai ya ƙara damuwa. Ya ce mini da an ce kunne ne, da ya san abin da zai gyara. Ya fara maimaita duk abin da aka faɗa masa. Mama Kabula ta ce in ta aike shi sayen garin ugali, wato garin tuwon masara, sai ya tsaya a ƙofa ya ce garin ugali, ya jira ta ce e. Ta ce masa, "Baban Kabula, nan kicin ne, ba hasumiya ba." Ya yi dariya, amma bai daina ba. A cikin jirgi kuma surutun ya ragu. Wani lokaci yana cikin ba ni labari sai ya katse, ya zuba wa na'urar saka tsayi ido.

Ya ci gaba da tuƙi lafiya har ya yi ritaya, ya koma garin Magu yana noman shinkafa. Upendo ta zama kyaftin. Ba su yi gaba ba, amma sun daɗe ba su zauna wuri ɗaya ba, sai a bikin 'yarsa Kabula. An zaunar da mu a tebur guda ƙarƙashin rumfa, ana ta kiɗa. Mzee ya matso kusa da ita ya ce ya yi ta tunani a gona, yana ganin wataƙila goma sha ɗayan ta ce, shi ne ya kama rabin maganar.

Upendo ta ajiye cokali. Ta ce, "Mzee, ni kuwa kwanan nan na fara jin kamar goman na ce."

Ya kalle ta, ya kalle ni. Ya ce to in haka ne, shi jami'in hasumiyar fa, da wa yake? Ana haka aka zo kiransa ya je ya gaisa da dangin ango, ya miƙe yana laluben hularsa, ya tafi.