Gangunan 'Yata da Na Sayar a Lozells

Abu uku na mallaka a lokacin: 'ya ɗaya, kwastomomi kusan arba'in, da sunan da na gina da gumina. Ni dillaliya ce a Ardwick, wata unguwa a birnin Manchester na Ingila. Mijina ya gama karatu ya koma Kano ya bar ni da yarinya, na riƙa kai wa matan likitoci atamfa da leshi da turaren wuta, daga Manchester har Birmingham.

'Yata tana shekara sha shida suka kafa ƙungiyar kiɗan Turawa na rock da ƙawayenta uku, duk mata, ita ce mai ganga. Da hukumar gari ta rufe cibiyar matasan unguwarmu wai babu kuɗi, sai suka jibge kayan kiɗan a ɗakin da nake ajiyar haja. Wata Hajiya ta zo zaɓen leshi ta gani, ta tambaye ni tana dariya ko roƙo muka koma. Kafin mako maganar ta zaga gidajen suna. Yarinyar na fita makaranta na loda gangunan a mota, na kai wani shago a unguwar Lozells ta Birmingham na sayar. Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta ce da Turancinta na 'yan Manchester wai yau ta san matsayinta a wurina. Tana shiga jami'a ta daina zuwa gida.

Bayan shekaru, ƙungiyar tasu ta yi suna, sai wata Baturiya ta zo da takarda, za su yi fim kan rayuwar 'yan matan, suna neman izinin sa ni a ciki. Nan na yi wautar 'yan kasuwa. Awa biyu muna ja, tana tayawa ina cewa albarka, har ta ninka kuɗin. Na sa hannu ina jin na ci kasuwa. Ban tambayi me za a faɗa a kaina ba, ko shafi ɗaya ban karanta ba.

An haska fim ɗin a wani silima kusa da titin Oxford Road, ni ma na je. Wadda ta fito a matsayina tana lasar yatsa tana ƙirga kuɗin ganga, 'yan kallo suna tsaki. Hajiyar nan tana layin gaba tana tafi, daga baya har tana gaya wa mutane ita tun farko ta ga baiwar yarinyar. Munafuka! Babu Hajiyar a fim ɗin, babu daren da na kwana da yunwa don yarinyar ta ci. Amma abin da ya fi ƙona min rai, ba su yi min ƙarya ba. Da aka tashi, 'yata ta wuce ta gabana ba ta ko waiwayo ba.

'Yan'uwana mata, kada ku yanke wa ɗanku hukunci da bakin kwastoma, kada kuma ku sa hannu a takarda don farashi ya yi daɗi. Matan da na ji tsoron bakinsu sun koma sayayya a waya. Sunana ya zama abin tsaki. Kuɗin fim ɗin na nan ban taɓa ba, 'yar kuwa shekara huɗu rabona da muryarta.