Rigar da Kawu Ke Rufe Ido da Ita

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja ne da bai taɓa kawo wa gida lambar yabo ba. A yaƙi aikinsa jan alfadara ne mai ɗaukar akwatunan harsashi da na magani. Da ya dawo sai ya samu amalanke, ya shiga dakon kaya daga tasha zuwa kasuwa: siminti, katako, buhunan gawayi, duk abin da aka ɗora. Abokan aikinsa kowa ya ɗaura wa nasa amalanken jaki. Shi kuwa sai ya saƙala igiya a ƙirji, ya ja da kansa. A unguwa har sunansa ya ɓace, sai dai a ce Jakin Kansa, shi ma ya amsa da dariya.

Muna yara ba mu da abin so kamar labarin alfadarar nan. Uwar Rigima ya sa mata suna, wai don halinta sak na yayarsa, wato mahaifiyata. Ta ciji sajan, ta cinye hular wani hafsa, ta harbi mai dafa abinci har ya faɗa kan tukunyarsa. Abu ɗaya take tsoro, gada. Ko ta katako biyu ce, sai ta kafe. Dabarar Kawu ita ce ya tuɓe rigarsa ya ɗaura mata a fuska. Da ta shaƙi warin guminsa sai ta yi laƙwas, ta bi shi duk inda ya nufa. In mun ce, "To daga nan fa?" sai ya ce yaƙi ya ƙare, kowa ya kama gabansa, ku tashi ku ba ni wuri.

Tsufa ya zo ya same shi a cikin igiyar. Ni na raka shi asibiti ranar da ƙafarsa ta hagu ta fara ja da ƙasa. Likita bai yi wata kwana-kwana ba: ƙashin bayansa ya cinye, in bai daina jan kaya ba, ƙafafun za su mutu. Muka yi juyin duniya ya zauna a gida, ya ce ba a haife shi don a ciyar da shi ba. Sai muka haɗa kai da 'ya'yansa muka sayo masa jaki.

Abin haushi, abin dariya! Washegari ga Kawu yana jan amalanke, ga jaki a gefe yana tafe kamar mai rakiya. Ya saya masa dusa, ya goge masa jiki, in rana ta take ya ɗaure shi a inuwa. Jaki ya yi sumul, Kawu yana ƙara rankwafewa. Ni dai bakina ba ya ajiye magana. Na same shi a tasha na ce, "Kawu, jaki muka sayo maka ko ango? In ka gurgunce shi zai riƙa kai ka banɗaki?" Na yi ta yi har abokan aikinsa suka sa baki. Ya dube ni, ya dubi jakin, ya ɗaura masa amalanken yana ba shi haƙuri a kunne.

Na bi su don kada ya yi mini wayo a hanya. Lafiya lau muka tafi har bakin babbar kwatar da ke bayan kasuwa, inda aka shimfiɗa faffaɗan katako ana wucewa. Nan jaki ya kafe. Masu babur suka taru a bayanmu suna ta danna oda. Na ce, "Haba Kawu, kai da ka san maganin abin? Rufe masa ido mana, kamar Uwar Rigima."

Ya daɗe kafin ya tuɓe rigar. Ya ɗaura ta a fuskar jakin, jakin ya huci sau ɗaya ya yi laƙwas. Amma Kawu bai ja shi ba. Ya tsaya, hannunsa a wuyan dabbar, haƙarƙarinsa na hawa da sauka.

"Haka ta tsaya," in ji shi.

"Wa?"

"Ita. Ranar da muke ja da baya muka iso wani kogi, an karya gadar. Kwale-kwale na mutane ne kawai. Aka ce kada a bar wa abokan gaba dabba ko ɗaya, a harbe su duka. Sauran suna jin ƙarar bindiga suna fizge-fizge, tawa ta fi kowace hauka, ba wanda ya iya matsawa kusa da ita. Sajan ya ce, kai ka san yadda ake yi da ita. Na tuɓe riga na rufe mata ido." Ya shafa wuyan jakin. "Ta ɗauka gada za mu haye, 'yar nan. Har ta ɗaga ƙafa tana neman katakon."

Masu babur sun ci gaba da odarsu, ba su san abin da ake ciki ba. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Kawu ya kwance rigar, ya kwance jakin, ya mayar da igiyar ƙirjinsa. Na koma baya na tura.

Kafin shekara ta zagayo ƙafafun suka mutu, kamar yadda likita ya faɗa. Muka jawo gadonsa kusa da taga, inda yake hango jakin a ɗaure a tsakar gida. Kullum da safe, kafin ya karɓi kofin shayinsa, sai ya tambaya ko an ba shi ruwa. Ranar da aka yi taron tunawa da sojoji aka aiko masa da mota, ya ce a gaishe su, amma a tambayar masa ko akwai wanda zai kira sunan alfadarai. Direban ya yi dariya, ya zaci raha ce.

Da jikinsa ya yi tsanani, babban ɗansa ya kawo maganar rabuwa da jakin, don ba mai lokacin kula da shi. Kawu bai hana ba. Ya kira ni, ya riƙe hannuna, ya ce, "Ke ki kai shi. Duk inda za a kai shi, a bar shi ya ga hanya."